Wayoyi Biyar a Hanyar Kaya

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da yake na sha roƙon Allah Ya mantar da ni. Daminar shekarar da aka yi ta jefa ƙuri'a ce, soja na shirin miƙa mulki ga farar hula, duk bangon da ka duba a Talata Mafara takardun jam'iyyu ne manne a jikinsa. Saura 'yan kwanaki azumi, lokacin da kowa ke gaggawar ɗaura auren da zai ɗaura kafin a ga wata.

A lokacin ina da mota. Kada mai karatu ya ɗauka wani attajiri ne ni. Malami ne ɗan malamai, ina karantarwa a zaure, ina rubuta wa mutane wasiƙu da ajami, kuma ba yabon kai ba, rubutuna yana da kyau. Da aka tare ruwa a Bakolori, gonar mahaifinmu ta wajen Maradun tana cikin waɗanda ruwa ya ci. Bayan jeka-ka-dawo mai tsawo aka ba mu diyya. 'Yan'uwana suka sayi shanu, ni kuwa na sayi tsohuwar motar wani Bature da ya gama aikinsa a madatsar zai koma ƙasarsu. (Shanun sun hayayyafa. Motar kuwa, kaji ne ke kwana a cikinta yanzu a bayan gidana.)

Injinta lafiya lau. Wutarta ce ta tsufar da ni. Allurar mai kullum cike take nunawa, har ranar da za ta mutu maka a tsakiyar daji. Ka taka birki, fitilar gaban direba ta kama. Ka faɗa rami, rediyo ya fara magana shi kaɗai. Duk na haƙura da waɗannan, sai wata Laraba na ji ƙaurin roba daga ƙarƙashin sitiyari, daga nan sigina da hon da waifa mai share gilashi suka ɗauke gaba ɗaya. Ga shi ranar Asabar ni zan kai Baba Liman, ƙanen mahaifina, garin Kaya, inda zai ɗaura auren ɗan maƙwabcinmu.

Mai gyaran wutar mota guda ne a Mafara wanda direbobi suka yarda da shi, sunansa Labbo. Ɗan gidan mahauta ne, ya koyi aikin waya a wurin Turawan madatsa, ya kafa rumfa a bakin tasha. Mutum ne marar yawan magana. Ya zo ya leƙa, ya shinshina, ya ce makunnin da ke jikin sitiyari ne ya ƙone, shi ne mai riƙe da sigina da hon da waifa, kuma sai a Gusau za a sami wani.

"Amma Malam, kada ka taɓa shi," in ji shi. "An kira ni madatsa, akwai tifa biyu da sunka tsaya. In na dawo Juma'a ni cire shi da kaina."

Na ce to. Yana juya baya na lissafa: in ya cire Juma'a, yaushe za a je Gusau a dawo? Na ari sukundireba. Na ga ai abin ba wani abu ba ne, haƙora biyar ne a jere, kowanne da wayarsa a soke. Na ce a raina, mutumin da ya rubuce littafi sukutum da hannunsa, waya biyar ce za ta gagare shi? Na ɗauko tawada da alƙalami, na yi bisimilla, na rubuta a takarda da wasali da komai: na farko ja, na biyu baƙi, na uku fari, na huɗu kore, na biyar ruwan ƙasa. Na zare su ɗai-ɗai. Alhamis na hau motar haya na je Gusau na sayo irinsa sak.

Juma'a Labbo bai dawo ba sai bayan magariba, don haka sai Asabar da hantsi ya iso ƙofar gidana da jakar kayan aikinsa. Baba Liman ya riga ya shige mota ya harɗe, da rawani da carbi. Kawun ango, Alhaji Bawa, yana kan babur a baya, ya ɗaure kwandon goron ɗaurin aure, yana ta duban rana.

Labbo ya ga wayoyi biyar suna reto, ya dube ni.

"Na rubuta," na ce masa, na ɗaga takardar.

"Malam, ni ajamina bai wuce na allo ba. Kuma wagga mota, Baturen ya sake mata wayoyi da abin da ya samu, launinsu ba ya gaya mani komi. Bari in gwada kowace da ƙwan fitila. Ba ya ɗaukar lokaci."

"Kana shakkar rubutuna ke nan?"

"A'a, Malam. Waya nika shakka."

"To ni zan karanta, kai ka soka. Rubutu ne, ba zato ba."

Baba Liman ya yi gyaran murya daga cikin mota. Labbo ya durƙusa. Na karanta da irin muryar da nake ja wa ɗalibai baƙi: "Na farko, ja." Ya soka. "Na biyu, baƙi." Ya soka. Ban ko sunkuya na ga inda yake sokawa ba, idona na kan kyawun rubutuna. Da ya gama ya ɗaure, ya ce, "To tayar mu gwada." Na tayar, ɗan ƙwai kore na gaban direba ya ƙifta, na ce ai ga shi nan ya kawo. Na sa giya. Ta madubi na hango shi tsaye, hannu a ɗage, yana faɗin wani abu. Na ɗauka sallama yake yi mana, har na ɗaga masa nawa.

Ba mu fita gari ba wani jaki ya tsaya a tsakiyar hanya. Na danna hon. Shiru. Sai waifa ta tashi ta shafi busasshen gilashi, ƙiiii, ta koma. Na sake dannawa. Ƙiiii.

"Ruwa aka yi?" in ji Baba Liman.

"A'a, Baba. Kashin tsuntsu na gani a gilashi."

(Allah Ya gafarta mini. Ƙarya ce na yi wa limami, a hanyar ɗaurin aure, da alwala a jikina.)

Mai hankali a nan zai juya. Rumfar Labbo ba ta fi tafiyar shan ruwa daga wurin ba. Amma in na juya, sai na ce me? Na kewaye jakin, na ci gaba, ina gaya wa kaina ai hon ba farilla ba ne.

Muka yi nisa har muka iso inda za mu bar kwalta mu karya dama, mu bi gefen wata magudanar ruwa da kamfani ya haƙa. Ni direba ne mai bin doka. Na rage gudu, na tura sandar sigina ta dama, ƙwai kore ya fara ƙiftawa (ƙwai guda ne a motar, ko ina ka nufa shi ne zai ƙifta, ba ya faɗa maka gefe), na ɗan buɗe zuwa tsakiya don in sami wurin karyawa, na karya. Sai na ji ƙarar birki, na ji salati, na ga farar riga ta wuce ta gefen Baba Liman kamar an jefa ta. Sannan na ji tsulum.

Alhaji Bawa ne a cikin magudanar, ruwa iya ƙugu. Babur ya kwanta a laka. Goro ya watse, rabi a kan ganuwa, rabi a ruwa. Allah Ya tsare, ko ƙwarzane bai yi ba, amma hularsa ta bi ruwa, har yau ba a gan ta ba.

"Hagu ka nuna!" yake ta faɗi yana tofar da ruwa. "Hagu ka nuna, ni kau na bi ta dama in wuce!"

"Dama na nuna, Alhaji!"

"Ni makaho ne?"

Baba Liman ya ce shi dai ya ga hannuna ya tura sandar dama. Aka ce to a gwada. Na tura dama, muka zagaya baya mu uku, da manoman da suka taso daga gonakin shinkafa suna taya mu tsintar goro. Fitilar hagu ce ke ƙiftawa, hankalinta kwance. Na tura hagu, ta dama ta kama. Na riƙe baki na ce, "Aikin Labbo ne." Wannan ne karo na farko da na faɗa, kuma ya zo mini da sauƙi ƙwarai.

Muka wanke goron da ya samu, muka ci gaba, ina miƙa hannu ta taga a kowace kwana. Mun isa Kaya a makare. Jama'a sun cika ƙofar gidan uban amarya a kan tabarmi, mutanen Maradun, na Bakura, na Garbadu, da direbobin da suka kawo su. Hadari ya haɗo, aka ce a yi a gama. Baba Liman ya sauka ya zauna, waliyyai suka matso. Wani dattijo ya ce in ɗan janye motar daga bakin zaure, ko da ruwa zai sauko a sami hanyar shiga. Na koma ciki. An ambaci sadaki, an shaida, Baba Liman ya ɗaga hannu, wuri ya yi tsit. Daidai nan yayyafi ya fara sauka a gilashi. Ban yi tunani ba, hannuna ne ya yi abin da ya saba. Ya murɗa makunnin waifa.

Ban taɓa sanin hon ɗin motar nan yana da irin wannan murya ba. Baturen, ashe, na babbar mota ya sa mata.

Tsofaffi suka zabura, wani ya taka tiren alewa, mata suka leƙo ta katanga. Na murɗa don in kashe, na murɗa ta inda ba nan ba, ɗan marfin makunnin ya ɓalle ya zauna a tafina. Na kashe injin, hon bai san an kashe ba. Na danna nan, na danna can, waifa ta shiga rawa ita ma, siginar hagu tana taya ta. Ta cikin gilashin ina ganin Baba Liman, hannunsa a sama har yanzu, bakinsa na motsi, ba mai jin abin da yake faɗi, idonsa a kaina. Sai da wani direban babbar mota ya ɗaga bonet ya fizge wayar batir, sannan duniya ta dawo.

Na fito. Mutum ɗari biyu ko fiye suna kallona, ga Alhaji Bawa a jiƙe ba hula. A irin wannan lokaci mutumin kirki kan ce a yi haƙuri, ya nemi wuri ya zauna. Ni kuwa sai na gyara babbar riga na ɗaga murya:

"Jama'a, laifina guda ne, da na ba ɗan mahauta aikin waya. Hannun da ya saba da jan hanji, ina ya san bambancin hagu da dama?"

Aka yi dariya. Na ji daɗin dariyar, don ta tashi daga kaina ta koma kan wanda ba ya wurin.

Kafin Talata maganar ta zagaye tashoshi. Mota uku aka janye daga rumfar Labbo da gyaransu bai ƙare ba. Shi da kansa ya kai magana gaban shugaban tasha, ya ce a kira ni. Shugaban ya ce in ta tabbata Labbo ya kusa kashe mutum da aikin ganganci, to ya tashi daga rumfar, ba direban da zai sake kai masa mota. Labbo yana da mata da 'ya'ya huɗu a lokacin, kuma ya riga ya bar aikin madatsa na dindindin saboda rumfar nan.

Na zo da motar, na zo da takardata a ninke cikin littafi kamar wata hujjar gado. Talata ce, ranar kasuwa, tasha a cike. Na karanta musu: na farko ja, na biyu baƙi, har ƙarshe. Na zagaya da ita kowa ya ga wasali. Wani ma ya ce, "Kai, Malam ya iya rubutu."

Labbo ya kwance murfin ƙarƙashin sitiyari, haƙoran nan biyar suka bayyana. Ya ja da baya.

"Malam, don Allah aza yatsa bisa na farko."

Na aza.

Labbo ya dubi yatsan. "Wanga shi ne na biyar."

"Wannan shi ne na farko! Wa ke fara ƙirge daga hagu?"

Ya goge jikin makunnin da gefen rigarsa, ya ce shugaba ya matso. A ƙarƙashin haƙoran akwai 'yan lambobin boko ƙanana, ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, sun taso daga hagu sun nufi dama. Na ga irinsu a jikin tsohon makunnin tun ranar Laraba. Na ɗauka lambar kamfani ce.

Ni da na tashi da allo, tun ina shekara biyar idona daga dama yake fara komai. Daga dama na ƙirga, daga dama na rubuta. Labbo ya soka daga hagu, yadda aka ƙera abin. Sigina ta dama ta koma hagu, hon ya yi musaya da waifa. Ta tsakiya kaɗai, farar da ke kawo wuta, ita ce ta zauna a gidanta, don ko ta ina ka ƙirgo ita ce ta uku. Shi ya sa komai ya kama, kuma komai ya kama a karkace.

Maimakon in rufe bakina, sai na ji shi yana cewa, "Ai duk abin kirki da dama ake fara shi."

"Gaskiya ne, Malam," in ji shugaban tasha. "Sai dai wanda ya ƙera ta bai yi makarantar allo ba."

Dariyar Kaya wasa ce a kan wannan. Har masu dako suka ajiye kaya. Wani direba ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki. Labbo kaɗai bai yi ba. Bai kuma ce ya roƙe ni in bari ya gwada ba, ko da yake ni da shi duk mun san ya roƙa. Ya durƙusa, ya sauya wayoyin, ya gwada kowace da ƙwan fitilarsa, ya sa wani marfi a makunnin waifa. Duk aikin bai kai tsawon gaisuwar safe ba. Na shiga mota na ce, "To, Allah Ya kiyaye gaba." Iyakar abin da na iya ke nan.

Labbo ya riƙe rumfarsa. Amma waɗanda suka ji hon a Kaya ba su ga yatsana a Mafara ba. Shekara da shekaru direbobin wancan gefe suna ce masa mai wayar da ya jefa goro a ruwa, suna wuce shi da motocinsu. Na sani, ina ji. Ni ma na daina bi ta gabansa. In wutar motar ta tashi, sai in lallaɓa da ita har Bakura wurin wani da bai kai rabinsa ba. In mun haɗu a masallaci mu gaisa, gaisuwa cikakkiya, da gida da iyali da gajiya, mu rabu. Shekara biyar ina wannan wahala, na gaji da motar, na gaji da hanyar Bakura, na fi gajiya da kaina.

Sai Allah Ya kira ni aikin hajji. Kamar yadda aka saba, na shiga bin gidaje ina neman gafara. Na je wurin wanda na taɓa yi wa tsawa, na je wurin wanda ban ma yi wa komai ba. Labbo na bari ƙarshe, sai ana jibi tafiya, ita ma ranar Talata. Na zaɓi lokacin da na san ba kowa a rumfar. Na zauna a benci na yi ta kewaye-kewaye, daga bisani na faɗa.

Ya ajiye filaya. "Ni na yahe tun rannan, Malam. Waya ce, kowa na kuskure. Amma hannun da ka ce ya saba da hanji, ba nawa ba ne. Na tsohona ne. Da shi ya ciyar da mu. Yana mahauta yanzu, in kana iyawa."

Muka tafi tare. Mahautar kasuwar Mafara ranar Talata ba wurin sirri ba ce. Tsohon yana zaune a bayan teburinsa, ya manyanta ƙwarai, ƙannen Labbo ke yanka, shi yana kallo. Labbo ya ce mini kunnen tsohon ya yi nauyi, sai fa in na ɗaga murya zai ji. Na durƙusa na gaishe shi, na ce a hankali, "Baba, na zo neman gafara."

"Mi?"

"Gafara na zo nema!"

"Hanta? Ta ƙare."

Masu sayen nama suka fara juyowa. Na ƙara murya. "Na yi maganar banza a kanku a Kaya!"

Ya kama kunne da hannu. "A ina?"

"A Kaya! Wurin ɗaurin aure!"

"Mi ka ce?"

Na dubi Labbo, ya harɗe hannu yana duban sama. Na ga dai ba makawa. Na miƙe tsaye, na buɗe murya irin ta kiran salla: "Na ce ɗan mahauta bai san hagu da dama ba! Ƙarya na yi! Ni na ƙirga wayoyi a juye! Ya ce a gwada na hana! Labbo ba shi da laifi, ku ma ba ku da shi! Ku yafe mini!"

Kasuwa ta tsaya, har masu awon hatsi na can nesa sun miƙo wuya. Tsohon ya sauke hannunsa daga kunne, ya gyara zama.

"To, Malam, mi na na hargowa? Ni na ji tun ta farko. Mutanen Kaya ne ke can baya wajen masu albasa, na ga kamar ba su jiyo ba." Ya miƙo mini hannu. "Na yahe. Allah Ya kai ku lahiya. Ka yi muna addu'a."

Labbo ya raka ni har bakin kasuwa. A nan ya yi dariyar da ya riƙe shekara biyar, ya yi ta har da hawaye, ni ma na taya shi, don ba abin da ya rage in kare. Ya ce in na dawo in kawo motar, ya ji labarin abin da na Bakura ya yi mata.

Tun daga ranar, in mai sana'a ya ce mini bari ya gwada, sai in nemi inuwa in zauna, ko liman ne ke jirana. In kuwa zan ɓata wa mutum suna, nakan fara ƙirga yawan kunnuwan da ke wurin, don na riga na san da irin muryar da za a sa ni in gyara.